Waiwaye: Yadda fim ya fita daga kwali ya shiga aljihu

Kusan babu makon da zai wuce a Kano ba a tayar da maganar nan ba. In ba a ji ta a shirin kiran waya na rediyo da safe ba, za a ji ta a huɗubar Juma'a, ko a majalisar ƙofar gida bayan la'asar: tarbiyya ta taɓarɓare, kuma waya ce sila. Yau bidiyon wata yarinya ne a TikTok ya ta da ƙura, gobe fim mai dogon zango ne aka ce an sake shi ba a kai shi tacewa ba, jibi a ji an gurfanar da wani a kotu kan abin da ya ɗora. Masu cewa a rufe komai suna nan, masu cewa a ƙyale matasa su nemi na kansu su ma suna nan. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne kowa na magana kamar abin ya faɗo ne dare ɗaya, lokacin kullen korona na 2020. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Wannan ruwan ya fara tsami ne kusan shekara goma kafin nan, a wani lungu da ba kasafai ake waiwayarsa ba.

Tarihin farko sananne ne, ba sai an ja shi ba. Turawan mulki sun zo da majigi ana haska shi a fili. Sinimar Rex ta buɗe a 1937 a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta cinye sinimar El Duniya da mutum sama da 300, mutanen gari da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara, kuma da aka zo gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 sai da aka kai ruwa rana. Tun daga nan sinima ta samu sunan da bai rabu da ita ba, wurin da ɗan mutunci ba ya son a gan shi, matar aure kuwa ba a ma zancenta. A can ne fim ɗin Indiya ya kama zukatan samari. Talabijin ta iso Arewa daga Kaduna a 1962. Kano ta samu tata tashar a 1976, wadda ta shiga ƙarƙashin NTA a 1977, sannan jiha ta buɗe CTV a farkon shekarun 1980, tashar da ake kira ARTV a yau. Kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi a tsakiyar shekarun 1970, ya shigar da akwatin talabijin gidajen ma'aikata da yawa.

Yanayin kallon shi ne abin riƙewa daga wancan zamani. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe wajen tsakar dare da taken ƙasa. Akwati ɗaya ne a gida, wani lokaci ɗaya ne a layin gaba ɗaya. Bayan isha'i a fito da shi tsakar gida a ɗora a kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, yaran maƙwabta su cika gaba, mata a baya, wani saurayi yana jikin katanga yana juya gorar eriya ana ce masa, "Ya yi, ya yi, tsaya nan!" In aka nuno abin da bai dace ba, kafin wani ya miƙe kaka ta riga ta ce, "A'uzubillahi, kai ɗan nan, rufe mana wannan abu." Ko ba a kashe ba, yaro ya ji hukuncin manya a kan abin da ya gani a daidai lokacin da ya gan shi. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan, amma tacewa ce, kuma tana aiki kowane dare ba tare da ko kwabo ba.

Na'urar bidiyo ta yaɗu a shekarun 1980, ita ce ta kai fim ga waɗanda sinima ba ta taɓa isa gare su ba, wato mata a cikin gida. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, kasuwa ta buɗe, kafin a fita daga shekarun sana'ar ta samu suna, Kannywood, wanda ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a 1999.

Sai an fahimci yadda kuɗi ke zagayawa a kasuwar kaset kafin a gane abin da ya rushe daga baya. Abin da furodusa yake sayarwa kwali ne. In ya gama fim, zai fitar da masta, wato ainihin kaset ɗin da ake kwafa daga gare shi, ya je maɗaba'a ya buga kwalaye dubu kaza masu ɗauke da sunan fim da hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata. Ɗan kasuwa shi ke da sabon kaset da injinan kwafa. Ana jona bidiyo ɗaya mai kunna masta da wasu da yawa masu naɗa, a jere a kan kanta, kuma fim na awa ɗaya da rabi sai ya ci awa ɗaya da rabi cur kafin a fitar da zubi ɗaya. A zura kowane kaset a kwalinsa, a ɗaure, motocin Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram su kwasa. Bayan an sayar sai a zauna lissafi: kwali nawa aka bayar, nawa ya fita, nawa ya dawo. Kuɗin wanda ya fita ake ba furodusa.

Tsarin yana da ramuka, babu mai musun haka. Kuɗi kan daɗe a hannu furodusa ya yi ta sintiri, akwai masu buga kwalin jabu, akwai shagunan haya da ke sayen kaset ɗaya su yi ta bayar da shi har ya sile. Sai dai kaset yana da wata ɗabi'a da ke kare mai fim ba tare da ɗan sanda ba: duk kwafin da aka ɗauka daga kwafi sai ya ragu. Zubi na biyu launi ya dusashe, na uku hoto na rawa murya na shaƙewa, na huɗu ba ya kalluwa. Mai son fim garau dole ya nemi wanda aka naɗo daga masta, wato mai kwali.

Kenan wannan ɗan kwali ba ƙaramin kaya ya ɗauka ba. Shi ne rasit ɗin mai fim. A kansa kuma aikin tacewa ya tsaya: bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, tsarinta kuma ya ginu ne a kan abin da hannu ke iya taɓawa. A kawo fim a kalla, a ce a cire kaza, a ba da shaida, jami'i ya shiga kasuwa ya ɗaga kwali ya duba. Sannan akwai aikinsa na cikin gida, wanda ba a cika lissafawa ba. Kwali yana kan talabijin ko a cikin kabet. Maigida ya dawo daga kasuwa ya gan shi, ya san abin da aka kalla yau. Uwar miji ta ɗauka ta juya ta kalli shigar jarumar da ke jiki ta yi tsokaci. Fim ba ya shiga gida a ɓoye sai an yi niyyar ɓoye shi, kuma kaset ba shi da sauƙin ɓoyewa.

Zuwan faifan CD a farkon shekarun 2000 ya sassauta ɗaurin. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabayit 700, kusan minti 80 na hoto, ana kwafarsa cikin 'yan mintoci, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Satar fasaha ta ƙaru ƙwarai. Duk da haka faifai kaya ne. Sai an saye shi, an ɗauke shi a mota, an baje shi a shago ko a baro, an saka shi a na'urar da ke jone da talabijin ɗin falo. Kasuwa ta jigata amma tana tsaye, kallo kuma yana nan a bainar iyali. Ko rikicin 2007, lokacin da wani bidiyon sirri ya bazu a gari har aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, an karanta shi ne a matsayin matsalar ɗabi'a kawai. Mutane ƙalilan ne suka tsaya suka kalli hanyar da bidiyon ya bi: daga waya zuwa waya ta Bluetooth, babu kwali, babu shago, babu wanda za a tare da kaya a hannu. Gargaɗi ne, ya wuce ba a ji shi ba.

Tsakanin wajajen 2010 da 2015 ne abin ya juya, kuma kayan haɗinsa ƙanana ne. Wayoyin Chana masu araha sun cika Farm Centre da titin Beirut, masu sikirin mai launi, da sifika mai ƙara, da batir mai daɗewa, da ramin memori. Memorin kansa, ɗan katin da bai fi farcen ɗan yatsa ba, farashinsa ya sauko har mai giga 1 da mai giga 2 suka zama na kowa. Kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo ta samu. Sannan ga shagon caji, wanda ƙarancin wuta ya riga ya kafa a kowace unguwa: teburi, jerin soket, ƙaramin janareto yana ƙugi daga safe zuwa dare, wayoyin layin duka suna kwance a wurin. Mai shagon yana da wuta, yana da jama'a, wayoyinsu suna hannunsa. Kwamfuta kawai ta rage masa. Da ya ajiye ta a gefen tebur, sana'ar tura fim ta haihu, aka sa wa masu ita suna 'yan dawunlodin, duk da cewa a farkon nan yawancin abin da suke turawa bai taɓa bi ta intanet ba.

Aikin ba shi da wuya. Ranar da sabon fim ya fito, a sayi faifai ɗaya na asali da safe. Faifan VCD ba shi da makulli, a buɗe shi a kwamfuta a janyo fayil ɗin hoton kamar yadda ake janyo takarda. Sai a zuba shi a manhajar juya bidiyo a mayar da shi 3GP, nau'in da ƙananan wayoyi ke iya kunnawa. Manhajar tana matse faɗin hoton daga 352 da 288 zuwa 176 da 144, ta rage yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, ta matse murya. Fim ɗin da ya ci faifai biyu sai ya dawo megabayit 80 zuwa 100. Tsohuwar kwamfuta kan ɗauki rabin awa ko awa guda tana wannan aiki, amma sau ɗaya ake yin sa. Daga nan fim ya shiga rumbu, cikin folda mai suna: Hausa, Indiya, Chana, barkwanci, waƙoƙi, wa'azi, ƙira'a, ƙwallo. Mai saye ya miƙo memori, a zura shi a kad-rida, 'yar na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta, a ja a ajiye. Fim ɗaya ba ya cin minti guda. Memori mai giga 2 yana ɗaukar kusan fim 20. Farashi kuwa a lokacin tsakanin naira 20 da 50 ne a kan kowanne, kuma in mutum ya ce a cika masa ana yi masa ragi.

Matsalolin sana'ar su ma sanannu ne ga duk wanda ya yi ta. Akwai memorin jabu, an rubuta giga 8 a jiki alhali cikinsa bai fi 1 ko 2 ba. Kwamfuta za ta nuna komai ya shiga, amma da ya cika ainihin cikinsa sai sabon ya hau kan tsohon, a je gida a ga sunayen fina-finai reras ba ɗaya da ke buɗewa. Akwai bairos ɗin da ke ɓoye folda ya bar inuwarta, wanda kwamfutar shago ke ɗauka daga memori ɗaya ta raba wa duk wanda aka zura bayansa. In aka zare memori kafin ya gama rubutu, sai waya ta nemi a yi masa fomat, hotunan biki da komai su tafi. In aka matse fim fiye da kima, baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Duk waɗannan an koyi maganinsu da sauri. Abin da ba shi da magani, ta fuskar mai fim, shi ne lalacewar hoto ta daina zama katanga. Sau ɗaya hoton ke raguwa, lokacin matsewa, kuma a sikirin mai inci biyu ido ba ya ganin ragin. Bayan nan kwafi na dubu daidai yake da na farko.

A tsaya a bakin irin wannan shago da yamma a saurara. Yaro ɗan shekara tara ya zo da memori a naɗe cikin takarda.

"Yaya, Anti ce ta ce a cika mata, sababbi, ban da waɗanda ta kalla."

"Nawa ta ba ka?"

"Ɗari biyu."

"Hausa ko Indiya?"

"Ta ce a gauraya."

A cikin wannan 'yar magana akwai sauyin da ya fi komai girma. A zamanin kwali mace tana aiken yaro da sunan fim, domin ta ga tallarsa ko ta ji labarinsa a gidan biki, kuma kuɗin da ta cire daga na cefane ko na adashe fim ɗaya zai saya, don haka sai ta zaɓa. Yanzu awo ake saye, kamar gero. Mai zaɓin shi ne saurayin da ke riƙe da linzamin kwamfuta, ɗan shekara goma sha tara ko ashirin, wanda ba tare da ya nema ba ya zama mai tsara shirye-shiryen unguwa guda. Adalci ne a faɗa cewa mafi yawansu yara ne masu neman halak, kuma ta hannunsu tafsirin Ramadan da karatun littattafai da ƙira'ar Alƙur'ani suka shiga ɗakunan da kaset bai taɓa kai su ba. Mata da yawa da memorin nan suka gyara karatunsu. Amma rumbun ɗaya ne, kuma ba a rasa shagon da ke da foldar da ba a nuna wa kowa, sai wanda ya san yadda ake tambaya.

Ba a jima ba shagon ma ya zama ba dole ba. Da Bluetooth fim ɗaya kan ci minti goma ko fiye, sai an haɗa wayoyi an zauna jira. Da wayoyin Android suka shigo da manhajojin turawa irin su Flash Share da Xender, jiran ya koma ƙasa da minti. Mutum ɗaya ya biya naira 50, ajinsu duka su samu, ko zauren majalisarsu, ko matan gidan suna.

Kasuwa ce ta fara faɗuwa. Faifai ɗaya ya wadaci unguwa, don haka ɗan kasuwa ya rage odar da yake karɓa, abin da ke dawowa ya fi wanda ke fita, furodusa ya zuba jari ya kasa mayar da uwar kuɗi. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 shagunan fim da yawa a Ƙofar Wambai sun koma wasu kayan. An gwada kame, an gwada yi wa masu turawa rajista, wasu masu fim sun gwada sayar musu da fim kai tsaye. Duk dabarun sun ci karo da abu ɗaya: babu abin ƙirgawa. Kwali yana ƙarewa a nemi ƙari, fayil ba ya ƙarewa. Wanda ya biya sau ɗaya zai tura sau dubu, kuma ko shi kansa bai san inda kwafinsa ya tsaya ba.

Tacewa ma ƙasa ta zame mata. Fayil ba shi da bango da za a manna wa shaida, kuma ana yanka shi yadda aka so. A nan akwai wani abu da ya kamata a daɗe a kansa. Masu shago sun lura cewa mutane da yawa ba fim ɗin suke so duka ba, waƙar ciki suke so, ko wurin da ɗan barkwanci ya yi abin dariya. Sai suka riƙa datse waɗannan wuraren suna tara su a folda daban, minti uku, minti biyar. Waƙa ta rabu da labarinta. A cikin fim, rawar saurayi da budurwa tana da gaba da baya, akwai iyaye, akwai sakamako, akwai inda labarin ya kai su. A memori rawar ce kawai, ana maimaita ta sau ashirin. Masu shirya fim sun gane abin da ke tafiya, suka ƙara wa wannan ɓangaren ƙarfi, mawaƙa kuma suka ga ba sa buƙatar fim kafin waƙarsu ta zaga gari. Ɗabi'ar kallon guntun bidiyo, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da labari ba, a shagon caji aka koye ta, shekaru kafin manhajar da ake zargi da kawo ta ta iso.

Sai gida. Kallo ya tashi daga tsakar gida da falo ya koma tafin hannu, da iyafis a kunne, wani lokaci a ƙarƙashin bargo. Ba shi da lokaci kuma: tsakar dare, cikin adaidaita-sahu, bayan aji, kan hanyar islamiyya. Muryar kaka ta fita daga lissafi, domin ba ta ga abin da aka gani ba balle ta yi magana a kai. Uwar da ta karɓi wayar 'yarta don ta duba ba lallai ta ga komai ba. Ɗigo ɗaya a farkon sunan folda ya isa ya ɓoye ta daga jerin hotunan wayar Android, memori kuma ana zare shi a sa a bayan murfin batir ko a cikin littafi. Iyaye da yawa a lokacin hankalinsu a kwance yake saboda wayar yaro ba ta da intanet. Ba su san cewa ba ta buƙatarsa ba.

Dalilin da ya sa wannan mataki ya ɓace daga tarihin da muke bayarwa shi ne bai bar sawu ba. Babu ranar ƙaddamarwa, babu doka, babu kamfanin da ya yi bikin buɗewa. Masu ƙididdiga suna ƙirga masu shiga intanet, wannan kuwa a wajen intanet ya faru, naira hamsin-hamsin, a dubban tebura. Abin da ba a rubuta ba, da wuya a tuna shi ranar muhawara.

Gurbin da fim ɗin Hausa ya bari, fassarar fim ɗin Indiya ce ta cike shi, kuma lissafinta a fili yake. Mai shirya fim sai ya biya jarumai, hayar kyamara da fitilu, gidan ɗauka, abinci da mota na kwanaki, sannan aikin yanka da haɗa hoto. Mai fassara ɗaki yake buƙata wanda aka lulluɓe bangonsa da soso, da makirfo, da kwamfuta, da mutane kaɗan masu iya sauya murya. Ya ɗauko fim ɗin da aka kashe wa maƙudan kuɗi a kudancin Indiya, ya danne muryar asali, ya ɗora Hausa a kai. A memori duka biyun farashinsu ɗaya. Akwai gwaninta ta gaske a aikin, masu yin sa sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar kowane irin zance, kuma salon maganarsu ya shiga bakin yara har a filin wasa. Amma fim ɗin da aka ɗauka a Ɗorayi ko Hotoro da ɗan ƙaramin jari ba zai iya gasa da wannan a kan naira 50 ba.

Buɗe tashar Arewa24 a 2014 ya nuna cewa kallon taro bai mutu ba. Shiri mai fitowa mako-mako a ƙayyadadden lokaci, kuɗinsa daga talla, ya sake tara iyali a gaban akwati ɗaya, har ana jin tsokacin manya kamar da. Sai dai awa ɗaya ce ko biyu a dare, wayar kuma tana aljihu sauran yinin.

Mafi yawan masu fim YouTube suka nufa, kuma ƙa'idojin can ne suka sake fasalin fim ɗin Hausa. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, ba a biyansa sai ya tara dala 100, kuma bidiyo sai ya kai minti 8 kafin a iya saka talla a tsakiyarsa. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano ba ta kai darajar wadda aka nuna wa na Ingila ko Amurka ba, don haka sai an tara kallo mai yawan gaske kafin a ga abin kirki. Daga nan fim mai dogon zango ya samo asalinsa a kasuwance: labari ya miƙe, kowane kashi ya ƙare a inda rai zai rataya, hoton bango da take su zama masu jan ido, kuma a saki sabo kowane mako ba fashi, domin tashar da ta yi shiru ana daina nuna ta ga mutane. Kashin da za a saki daren Lahadi wani lokaci a cikin makon ake ɗaukarsa. Tsarin tacewa kuwa an gina shi ne don fim ɗin da aka kammala aka kawo gaba ɗaya. Saɓanin da ake yawan ji tsakanin masu fim da hukumar tacewa, mafi yawansa daga wannan rashin daidaiton lokaci yake tasowa.

Da TikTok ta iso, ta tarar an riga an yi mata sharar gona. Ta samu masu kallo da suka saba kallo su kaɗai, suka saba da guntu, suka saba da ba sa biya. Ta samu matasa masu sha'awar fitowa waɗanda tsohuwar hanyar shiga sana'ar, ta bin furodusa da darakta a hankali ana koyo ana kwaɓa, ta riga ta tsuke musu. Abin da ta ƙara shi ne ta cire buƙatar furodusan ma baki ɗaya, ta kuma sa ladan a kan daƙiƙun farko: wanda ya tsayar da yatsa shi ake nuna wa ƙarin mutane, kuma abin da ke tsayar da yatsa da sauri sananne ne. Damuwar iyaye a kan wannan gaskiya ce, ba ƙaramar damuwa ba ce kuma. Amma duk muhawarar da ta tsaya a kan sunan yarinya ɗaya ko manhaja ɗaya, ta bar batun wa ke biyan kuɗin abin da ake kallo da wa ke zaune kusa da yaro lokacin da yake kallo, an bar jaki ne ana dukan taiki. Za a iya rufe asusu goma a yini guda, yanayin da ya haife su yana nan yadda yake.

Shagunan turawa kuwa ba su tafi ko'ina ba. Suna nan a Kurna da Rijiyar Lemo da Sheka da Brigade da cikin birni, memorin ne ya girma ya koma giga 32 da 64, 3GP ya ba MP4 wuri. Kayan ma sun sauya tushe. Mai shago yana sayen datar dare mai araha, ya sauke sababbin kashi-kashin da aka saki a YouTube, ya haɗa da tarin guntayen TikTok, da safe ya tura wa waɗanda ba su da kuɗin data, kuma su ne masu yawa. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Na mutum ɗayan za a biya mai fim, in ma an biya. Sauran, ɗari ne ko ɗari biyar, ba sa cikin lissafin kowa: ba na mai fim ba, ba na mai tacewa ba, ba na mutanen gidan da memorin zai kwana a ciki ba.